Mintin da ke da daƙiƙa 61: yadda ƙarin daƙiƙa ɗaya ke rikita manyan kwamfutocin duniya

A ranar 18 ga Nuwamba, 2022, wakilan ƙasashe suka hallara a Versailles ta ƙasar Faransa domin babban taron awo da ma'auni na duniya karo na 27. Cikin ƙudurorin da suka zartar akwai wanda ya ce a shekarar 2035, ko kafin nan, za a daina ƙara wa agogon duniya daƙiƙa. A ƙarshen 2023 taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da aka yi a Dubai shi ma ya sa albarka. Da yawa daga waɗanda suka ji labarin sai suka tsaya suna tambaya: ashe dama ana ƙara daƙiƙa? Wa ke ƙarawa, bisa wane dalili, kuma me daƙiƙa ɗaya tal ta tsare wa kamfanoni irin su Google da Meta?

Ana ƙarawa, kuma an yi hakan sau 27 tsakanin 1972 da 2016. Duk sa'ad da za a yi, minti na ƙarshe na ranar 30 ga Yuni ko 31 ga Disamba kan zo da daƙiƙa 61. Agogo ya nuna 23:59:59, ya nuna 23:59:60, sannan ya shiga 00:00:00 na washegari. A lokaci guda ake yi duk duniya: a Ghana tsakar dare cif, a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi gab da ƙarfe ɗaya na dare, mutane na barci. Ɗan'adam ba ya jin komai a jikinsa. Kwamfuta kuwa tana ji, kuma idan dubbai ne a haɗe suna aiki tare, ƙaramar magana kan zama babba.

Agogo biyu, kowa da tafiyarsa

Tun fil azal rana ce agogon ɗan'adam. Kwana guda shi ne juyi ɗaya na duniya, aka raba shi awa 24, kowace awa minti 60, kowane minti daƙiƙa 60, jimilla daƙiƙa 86,400. Lokacin da ake lissafawa daga wannan juyi shi masana ke kira UT1. Aibinsa ɗaya: duniya ba ta juyawa da sauri iri ɗaya kullum. Wani lokaci ta ɗan yi hanzari, wani lokaci ta ɗan yi nawa. Bambancin milisakan ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma na'ura na ganinsa sarai.

A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka ƙera agogon atom na farko mai inganci a Teddington ta Ingila. Wannan agogo ba ruwansa da rana ko wata, kaɗawar da ke fita daga ƙwayar sinadarin siziyom yake ƙirgawa. A 1967 aka sauya ma'anar daƙiƙa baki ɗaya, ta zama tsawon lokacin da wannan kaɗawa ke yi sau 9,192,631,770. A yau ofishin awo na duniya, BIPM, da ke Sèvres kusa da birnin Paris, yana tattara bayanan agogon atom sama da 400 daga ƙasashe daban-daban, ya fitar da lokaci guda da ake kira TAI, wanda ba ya tsayawa kuma ba ya jiran rana.

Lokacin da wayarka da bankinka da gidan rediyo ke bi, wato UTC, sulhu ne tsakanin waɗannan biyun. Daƙiƙarsa ta atom ce, amma an gindaya masa sharaɗi: kada ya yi nesa da juyin duniya fiye da kashi 9 cikin 10 na daƙiƙa. Hukumar da ke sa ido kan juyin duniya, IERS, ita ke auna tazarar, kuma daga sashenta da ke cibiyar nazarin taurari ta Paris take fitar da sanarwa kusan wata shida kafin ranar, cewa za a ƙara ko ba za a ƙara ba. Da aka fara wannan tsari a farkon 1972, UTC na bayan TAI da daƙiƙa 10. Da ƙarin 27 ɗin nan, yanzu tazarar 37 ce.

Daga ina giɓin ke fitowa?

Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa duk lokacin da aka ƙara daƙiƙa, duniya ce ta rage gudu da daƙiƙa guda. Ba haka abin yake ba. Gaskiya ne jan da wata ke yi wa ruwan teku yana rage wa duniya sauri, amma a hankali ƙwarai, tsawon kwana na ƙaruwa da kimanin milisakan 2 a shekara 100. Asalin giɓin daga yadda aka yanka daƙiƙar atom yake. An daidaita ta da lissafin taurari na ƙarni na 18 da na 19, saboda haka ta fi dacewa da tsawon kwana na wajejen 1820. Kafin a kai shekarun 1970, kwana guda ya riga ya zarce daƙiƙa 86,400 na atom da milisakan 2 zuwa 3.

Abin kamar cin bashi ne a shagon unguwa: kullum ɗan kaɗan, mai shago na rubutawa a littafi, sai ya taru a zo a biya. Milisakan 2 a kullum, cikin kwana 500 ya cika daƙiƙa guda. Shi ya sa daga 1972 zuwa 1979 babu shekarar da ba a ƙara ba, a 1972 ma sau biyu aka yi. Sai dai cin bashin ba shi da tsari. Iskar sama, motsin ruwan teku, narkakken ƙarfen da ke can cikin duniya, kowanne na taɓa saurin juyin. Daga ƙarshen 1998 zuwa ƙarshen 2005, shekara bakwai cur, ba a ƙara ko ɗaya ba.

A nan ne ƙarin daƙiƙa ya sha bamban da ranar 29 ga Fabrairu. Ita wannan rana tana da ƙa'ida tabbatacciya, mai rubuta manhaja zai iya lissafa ta har shekara dubu gaba ya kwanta barci. Ƙarin daƙiƙa babu mai lissafa shi. Sai an auna, an sanar, sannan saƙon ya isa ga kowace na'ura cikin wata shida.

Yadda kwamfuta ke fahimtar lokaci

Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet tsarin Linux ko danginsa suke aiki da shi. A wurinsu lokaci lamba ce guda ɗaya: adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun tsakar daren 1 ga Janairu, 1970. Domin a iya mayar da wannan lamba kwanan wata da awa, ƙa'idar POSIX, wadda irin waɗannan tsare-tsare ke bi, ta ɗauka kowane kwana daƙiƙa 86,400 ne, ba ƙari ba ragi. A wannan lissafi 23:59:60 ba ta da lamba, ba ta da wurin zama.

To idan ta zo fa? Wata kwamfutar ta koma baya ta maimaita 23:59:59 sau biyu, wanda shi ne abin da Linux ya saba yi. Wata ta tsayar da agogonta cak har daƙiƙar ta wuce. Wata kuma ba ta ma san an yi ba, ta ci gaba da tafiya tana gaba da kowa da daƙiƙa guda, sai daga baya a janyo ta. Saƙon kansa ta hanyar NTP yake zuwa, tsarin daidaita agogo ta intanet da David Mills na Jami'ar Delaware ya assasa a shekarun 1980. A cikin saƙon akwai 'yar alama da ke cewa a ƙara daƙiƙa a daren yau. An sha ganin majiyoyin lokaci da suka kasa aika alamar, an kuma ga waɗanda suka aika ta ranar da babu ƙari.

Ga kwamfutar da ke kan teburin ofis wannan ba komai ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne cibiyar adana bayanai, inda kwamfutoci dubbai ke rarraba aiki guda a tsakaninsu. A can, lokaci shi ne alƙalin da ke yanke wane abu ya riga wane. A ɗauka an gyara bayanin wani asusu a 23:59:59.8, agogo ya koma baya, aka sake gyara shi a 23:59:59.2 na zagaye na biyu. A zahiri gyara na biyu ne sabo, amma hatiminsa na lokaci ya nuna shi ne tsoho. Rumbun bayanai irin Cassandra, wanda ƙa'idarsa ita ce mai hatimi na baya-bayan nan shi ke da nasara, zai riƙe tsohon ya watsar da sabon, kuma ba zai yi ƙorafin komai ba. Haka nan izinin da ake bai wa kwamfuta guda cewa ita ke da ikon rubutu har zuwa lokaci kaza: idan agogonta da na maƙwabciyarta suka saɓa, kowace na iya ɗauka ita ce mai ikon.

Daren 2012 da safiyar 2017

Ƙarin daƙiƙar 30 ga Yuni, 2012 ya zo bayan shekara uku da rabi ba a yi ba. A cikin zuciyar Linux akwai wani kuskure da ba ya bayyana sai a irin wannan dare. Da agogo ya koma baya, sashen da ke kula da ƙararrawar manhajoji bai samu labari ba, ya ci gaba da tafiya yana gaba da daƙiƙa guda. Sai ya zama duk manhajar da ta ce a tashe ta bayan rabin daƙiƙa, nan take ake tashinta, domin a lissafin sashen lokacin ya riga ya wuce. Ta duba ta ga babu aiki, ta koma ta kwanta, a sake tashinta, haka ba ƙaƙƙautawa har ƙarfin kwamfutar ya ƙare a kan aikin banza. Manhajojin da aka rubuta da harshen manhaja na Java da rumbun bayanai na MySQL sun fi shan wuya.

Reddit ya durƙushe na wani lokaci. Mozilla da LinkedIn da Yelp da Foursquare duk sun fuskanci tangarɗa. Kamfanin Hetzner na Jamus, mai bayar da hayar kwamfutoci, ya ce wutar da cibiyoyinsa ke sha ta ƙaru da kusan megawat guda. A Ostireliya, inda abin ya faɗo safiyar Lahadi, tsarin Amadeus na tantance fasinjoji ya tsaya, ma'aikatan Qantas da Virgin Australia suka koma aikin hannu, jirage suka yi jinkiri. Maganin kuwa layi guda ne: a umarci kwamfutar ta sake saita agogonta zuwa lokacin da take kai, sai sashen ƙararrawar ya farga.

Abin da ya sami Cloudflare, kamfanin da ke yi wa shafukan intanet hidima, a farkon 1 ga Janairu, 2017 ya fi koyar da darasi, domin shi ba a Linux kuskuren yake ba, a tunanin masu rubuta manhajar yake. Kamfanin na da manhaja, rubutacciya da harshen manhaja na Go, mai fassara sunan shafin intanet zuwa adireshinsa na lamba. Domin ta zaɓi wanda za ta tambaya cikin majiyoyi da yawa, takan auna saurin amsar kowace: ta duba agogo kafin ta aika tambaya, ta duba bayan amsa ta dawo, ta cire na farko daga na biyu. Da agogo ya koma baya a tsakanin dubawar biyu, sakamakon ya fito ƙasa da sifili. Aka miƙa wannan lamba ga sashen da ke yin ƙuri'ar zaɓe, wanda ba ya karɓar lambar da ta gaza sifili, sai manhajar ta faɗi. A ƙololuwar matsalar kusan kashi 0.2 cikin 100 na irin waɗannan tambayoyi ta shafa, kuma sai ƙarfe 6:45 na safe agogon UTC gyaran ya gama kaiwa ko'ina. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa tushen matsalar shi ne yarda da aka yi cewa lokaci ba ya komawa baya.

Darasin da masu manhaja suka ɗauka a nan mai amfani ne ko babu ƙarin daƙiƙa. Kwamfuta na da agogo iri biyu: na kwanan wata, wanda ake iya gyarawa gaba ko baya, da wani mai ƙirga kawai tun daga kunna na'urar, wanda ba ya komawa baya har abada. Duk mai auna tsawon lokaci da na biyun ya kamata ya auna. Harshen Go ya shigar da wannan cikin tsarinsa a fitowar 1.9, a watan Agustan 2017.

Kuskuren 2012 da na 2017 ba iri ɗaya ba ne, amma sababinsu ɗaya: hanya ce a cikin manhaja da ba a bin ta sai sau ɗaya a shekaru, wadda ke da wuyar gwadawa, kuma duk kwamfutocin duniya ke shiga cikinta a daƙiƙa guda. Ajiye kwamfutar ko-ta-kwana ba ya ceto, domin ita ma a wannan daƙiƙar take faɗuwa.

Dabarar shimfiɗa daƙiƙar

Google ya ga alamar matsalar tun ƙarin 2005, lokacin da wasu kwamfutocinsa suka ƙi karɓar aiki saboda sun ga agogonsu ya saɓa. A 2008 ya fito da wata dabara: kada a gaya wa kwamfutocin komai. Maimakon a biya bashin a dunƙule da tsakar dare, sai a biya shi kaɗan-kaɗan. A tsarin da kamfanin ke ba da shawara yanzu, ana farawa da ƙarfe 12 na ranar da za a yi ƙarin, a gama da ƙarfe 12 na ranar washegari, agogon UTC. A cikin waɗannan awa 24, kowace daƙiƙa ana ɗan ja ta da kimanin maikrosakan 11.6, wato kashi 11.6 cikin miliyan. Kafin wa'adin ya cika an shanye daƙiƙar baki ɗaya. Agogo bai tsaya ba, bai koma baya ba, babu 23:59:60, kuma ɗan jan da aka yi bai wuce kuskuren da agogon kwamfuta na yau da kullum ke yi da kansa ba. Amazon ma irin wannan tsari na awa 24 ya bi tun ƙarin 2015.

A cikin gida guda, dabarar ta yi aiki, kuma babu wata da ta fi ta sauƙi ga mai kwamfutoci dubu ɗari. Amma an gudu ne ba a tsira ba. Da farko, a duk tsawon awoyin shimfiɗawar, agogon ba UTC na gaskiya yake nunawa ba, da tsakar dare ma saɓanin kan kai rabin daƙiƙa. Na biyu, babu wata hukuma da ta tsara yadda za a yi, kowa tasa ta fisshe shi. Google da kansa awa 20 ya yi amfani da su a 2016 kafin ya koma 24. Meta awa 17 yake yi, kuma daga tsakar dare yake farawa. Ke nan a daren ƙari, kwamfutar da ke bin Google da mai bin Meta da mai bin UTC tsantsa, lokaci uku daban suke nunawa, kowace kuma tana da hujjarta. Wanda ya yi kuskuren haɗa majiya mai shimfiɗawa da marar shimfiɗawa a kwamfuta guda ya jefa ta cikin ruɗani, abin da Google ke gargaɗi a kai.

Akwai kuma inda doka ba ta yarda da rabin daƙiƙa ba. Dokar kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai, MiFID II, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, ta wajabta wa masu cinikin hannun jari na gaggawa kada agogonsu ya saɓa wa UTC da fiye da maikrosakan 100. Rabin daƙiƙa ya ninka wannan sau 5,000. Saboda irin waɗannan dokoki ne Microsoft, da ya zo koya wa Windows Server 2019 ƙarin daƙiƙa, ya ƙi bin hanyar shimfiɗawa, ya zaɓi nuna daƙiƙa ta 60 yadda take. Wasu kasuwannin kuma kauce wa daren suka yi gaba ɗaya: a 30 ga Yuni, 2015, da ƙarin ya faɗo ranar Talata ana tsaka da ciniki a wasu sassan duniya, kamfanin Intercontinental Exchange ya dakatar da harkokinsa na kimanin awa guda.

Hanya ta uku ita ce a bar UTC tun daga tushe. Taurarin ɗan'adam na GPS suna da nasu lokacin da ya fara daga 6 ga Janairu, 1980, ba a taɓa ƙara masa daƙiƙa ba, yanzu yana gaba da UTC da daƙiƙa 18. Tsarin daidaita agogo na PTP, da ake amfani da shi inda ake buƙatar daidaito mai tsanani, kan TAI yake tafiya. Wannan ya tsare cikin na'urar, amma duk inda za a nuna wa mutum lokaci sai an fassara, kuma fassarar na buƙatar jadawalin ƙarin da ke daidai da zamani.

Masu cewa a soke da masu cewa a bari

An daɗe ana kai ruwa rana. A taron ITU na Janairun 2012 a Geneva, Amurka da Faransa da Japan na cikin masu son a soke, Birtaniya ta tsaya a kan a bari, Najeriya kuma na cikin ƙasashen da suka nemi a ƙara nazari. Aka ɗage zuwa 2015, a 2015 aka sake ɗagewa zuwa 2023.

Hujjar masu sokewa ita ce dalilin da aka ƙirƙiro tsarin ya gushe. A 1972 matuƙan jiragen ruwa na duba taurari su gane inda suke, suna dogaro da siginar lokaci ta rediyo. Duniya na juyawa da kimanin mita 465 a daƙiƙa a kan layin da ya raba ta arewa da kudu, don haka kuskuren agogo kuskuren wuri ne a teku. Yau taurarin ɗan'adam ke wannan aiki. Suna kuma cewa yawaitar lokutan kamfanoni na neman raba wa UTC matsayinsa na ma'auni guda da kowa ya yarda da shi. Meta ya fito fili a Yulin 2022 ya nemi a daina.

Ɗaya ɓangaren ma ba da wasa suke ba. Masana taurari na da na'urorin hange da manhajoji da aka gina bisa tabbacin cewa UTC da juyin duniya ba sa saɓawa da daƙiƙa guda, kuma gyara su kuɗi ne da lokaci. Rasha na da nata dalilin na zahiri: taurarinta na GLONASS, saɓanin GPS, da ƙarin daƙiƙa aka gina lokacinsu, shi ya sa ta nemi a jinkirta zuwa 2040, ta kuma ƙi goyon bayan ƙudurin 2022. Akwai kuma masu kallon abin ta fuskar asali, cewa lokacin jama'a bai kamata a raba shi da rana ba, kuma ɗage gyara tura wa jikoki matsala ne, waɗanda za su gyara minti ko awa a dunƙule ba tare da wani mai rai ya taɓa gwadawa ba.

Ƙudurin bai ce an saki rana har abada ba. Cewa ya yi a faɗaɗa tazarar da aka yarda da ita ta yadda za a shafe aƙalla shekara 100 ba a taɓa agogo ba, ya kuma bar wa babban taron awo na 2026 aikin tsayar da sabon mizanin. Judah Levine na cibiyar awo ta Amurka, NIST, na cikin masu ba da shawarar a bari sai ya taru ya kai minti. IERS kuma za ta ci gaba da wallafa tazarar ga duk mai buƙata.

Me ya shafi mutumin gari?

Tambayar farko da mai karatu a ƙasar Hausa zai yi ita ce ta lokutan sallah da buɗa-baki. Waɗannan da rana aka ɗaure su: fitowar alfijir, zawali, tsawon inuwa, faɗuwar rana. Agogo fassara kawai yake yi, kuma dama can bai taɓa tafiya daidai da rana ba. Najeriya agogo ɗaya take bi, amma rana na faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, kuma a Kano sai wajen sha biyu da rabi take kaiwa tsaka. Duk abin da aka ƙara cikin sama da shekara 50 daƙiƙa 27 ne, bai kai rabin minti ba, alhali jadawalin sallah da minti ake rubuta shi. Idan tazarar ta taru nan gaba, masu lissafa jadawali za su shigar da ita cikin lissafinsu, ladanin da ke duba inuwa kuwa babu abin da ya sauya masa.

Ta fuskar kuɗi da waya ne abin ya fi kusa da mutane. Taransifa, cirar kuɗi a wurin mai POS, sayen kati, kowanne na ratsa kwamfutoci da dama, na banki, na kamfanin sadarwa, na masu shiga tsakani, kuma da hatimin lokaci ake daidaita lissafinsu. Manhajoji da yawa kuma a kan kwamfutocin haya na Amazon ko Google ko Microsoft suke zaune, don haka tsarin da waɗannan suka zaɓa yana biyo mu har gida. Turakun 5G na buƙatar daidaiton da bai wuce maikrosakan ɗaya da rabi ba, wanda yawanci daga GPS suke samu. Sai dai a yi adalci: tun ƙarshen 2016 ba a ƙara daƙiƙa ba, saboda haka taransifar da ta maƙale ko alat da bai shigo ba a 'yan shekarun nan, wani dalilin ne daban. Ribar soke ƙarin ga talaka ita ce an cire dare guda da komai ke iya tsayawa lokaci ɗaya. Masu aikin gaske su ne injiniyoyin bankuna da na kamfanonin sadarwa, waɗanda ya kamata su san daga ina kwamfutocinsu ke karɓar lokaci, kuma ko majiyar na shimfiɗawa ko ba ta yi.

Daƙiƙar da ba a taɓa cirewa ba

Tsugune ba ta ƙare ba, domin a 'yan shekarun nan duniya hanzari take ƙarawa. Ranar 29 ga Yuni, 2022 ta gaza daƙiƙa 86,400 da milisakan 1.59, ranar 5 ga Yuli, 2024 kuma da 1.66. Idan aka ɗore a haka, ƙa'idar da ake kai yanzu za ta tilasta a cire daƙiƙa: agogo ya tashi daga 23:59:58 ya faɗa 00:00:00. Tsarin 1972 ya tanadi wannan, alamar NTP ma na da gurbinsa, amma ba a taɓa yi ba ko sau ɗaya. Manhajojin da suka yi tuntuɓe a kan ƙarin da aka maimaita sau 27, babu wanda ya ga yadda za su yi da ragi, kuma akwai waɗanda aka rubuta bisa zaton ƙari kaɗai ake yi.

A Maris na 2024 Duncan Agnew na cibiyar Scripps a Kalifoniya ya wallafa bincike a mujallar Nature. Ya nuna cewa sauyin motsin narkakken ƙarfen cikin duniya ne ke ƙara wa ɓawonta sauri, yayin da narkewar ƙanƙarar Greenland da Antaktika, wadda ruwanta ke gangarowa zuwa wajen layin da ya raba duniya arewa da kudu, ke rage shi. A lissafinsa, ba don narkewar ba da an buƙaci cire daƙiƙa tun 2026, amma yanzu sai wajen 2029. Hasashe ne, kuma cikin duniya ba ya bin jadawalin kowa. Amma 2029 ta riga 2035 da shekara shida, kuma ƙudurin Versailles cewa ya yi a 2035 ko kafin nan, wanda ya bai wa ƙasashe damar matso da ranar idan ma'aunin IERS ya nuna ragin na tafe.